Bosso: wa ke da haƙƙin fanshon naƙasa idan jiki ya gaza?

Dokokin Nijar sun tanadi fansho ga ma'aikacin da ciwo ko hatsari ya hana shi neman abinci. Sai dai duk sharuɗɗan sun rataya ne a kan takardar albashi, wadda akasarin manoman tattasai da masuntan kwarin Komadugu ba su taɓa riƙewa ba. A yankin da yaƙi ya ƙara yawan masu naƙasa, wannan giɓi ya zama batun ci da sha ga iyalai da dama.

Kowace ranar 31 ga watan Yuli, Nijar na bikin ranar naƙasassu ta ƙasa, sannan ranar 3 ga Disamba a yi ta duniya. A duk lokutan biyu akan ji jawabai kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, a raba kekunan guragu da buhunan abinci. Tambayar da ba kasafai ake amsawa ba ita ce wadda ta fi damun magidanci a Bosso, Tumur ko unguwannin birnin Diffa: idan mutum ya wayi gari ba ya iya noma, ba ya iya su, ba ya iya ɗaukar kaya, shin akwai kuɗin da gwamnati za ta riƙa ba shi, kuma me zai kawo kafin a ce ya cancanta?

Amsar a taƙaice ita ce akwai, amma ga mutane ƙalilan. Abin da ake fara dubawa shi ne ko sunan mutum na cikin rajistar asusun ma'aikata. Girman raunin da ya samu yana zuwa ne daga baya.

Abin da dokar CNSS ta shimfiɗa

Asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, an kafa shi a 1965, kuma dokar da ta tsara fanshon tsufa, na naƙasa da na magada ta fito a 1967. Shi ke kula da ma'aikatan kamfanoni, ƙungiyoyi da sauran masu aikin albashi da dokar ƙwadago ta shafa. Cikakkun ma'aikatan gwamnati na da nasu asusun daban, CARENI.

Kafin ma'aikaci ya samu fanshon naƙasa daga CNSS, sai ya cika sharuɗɗa huɗu. Na farko, ya kasance bai kai shekara 60 ba, domin daga nan fanshon tsufa ake magana. Na biyu, ya yi aƙalla shekara 5 da rajista a asusun. Na uku, a cikin watanni 12 da suka gabaci fara rashin lafiyar, ya kasance an zuba masa kuɗi na aƙalla wata 6. Na huɗu, likitan da asusun ya amince da shi ya tabbatar cewa ƙarfin jikinsa ko na hankalinsa ya ragu har ba zai iya samun fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da takwaransa mai irin horonsa ke samu ba. Wato sai ya rasa kashi biyu cikin uku na ƙarfin neman abincinsa.

Akwai sassauci ga wanda hatsari ne ya naƙasa shi. Ba a neman shekara 5 daga gare shi, muddin yana kan aikin da aka yi wa rajista a ranar da abin ya faru. Idan kuma hatsarin a bakin aiki ne, ko a kan hanyar zuwa aiki da komawa gida, wani sashe na daban ne ke ɗaukar lamarin: asusun ya biya kuɗin magani da na ƙafar roba ko makamancinta, sannan ya yanka diyya gwargwadon raunin da ya rage a jiki. A nan wajibi ne mai aiki ya sanar da hatsarin cikin awa 48.

Yawan fanshon ya danganta da albashin shekarun ƙarshe da tsawon lokacin da aka yi ana zubi. Wanda ba ya iya kula da kansa sai da taimakon wani yana da ƙari a kai. Ba a ba da fanshon naƙasa a matsayin na dindindin: ana iya sake duba lafiyar mutum, idan kuma ya kai shekara 60 sai a mayar da shi na tsufa.

Kuɗin da ke tafiyar da wannan tsari daga albashi yake fitowa. A ɓangaren fansho, ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 6.25. Tsari ne na zubi, kamar adashi: wanda bai zuba ba, ba ya kwasa.

Yadda sharuɗɗan ke karo da rayuwar kwarin Komadugu

Tattalin arzikin gundumar Bosso bai taɓa dogara da albashi ba. Kafin 2015, abin da ke riƙe da gidaje shi ne tattasai da ake nomawa a bakin kogin Komadugu Yobe, da bandar kifi daga tafkin Chadi, da kiwo, da fatauci zuwa kasuwannin Najeriya. Manomi, masunci, ɗan dako, ɗan kabu-kabu da mai sayar da ƙosai duk suna aiki tun asuba, amma babu mai cire musu kashi 5.25 daga komai. A idon dokar 1967, ba su cikin lissafi.

A ɗauki misalin mutum biyu da mota guda ta taka nakiya da su a kan hanya, kowanne ya rasa ƙafa. Ɗaya direba ne na wata ƙungiyar agaji da ta yi masa rajista, ɗayan kuma manomi ne da ya shiga motar zai je kasuwa. Rauninsu ɗaya ne. Direban yana da hanyar samun magani, ƙafar roba da diyya. Manomin sai abin da 'yan'uwa suka haɗa masa.

Ko a cikin 'yan albashin ma, sharaɗi na uku na iya kayar da mutum. Ayyukan albashi da suka yawaita a jihar Diffa cikin shekarun rikici na ƙungiyoyin agaji ne: masu gadi, direbobi, masu shara, masu wayar da kai. Akasarinsu kwantaragi ne na 'yan watanni, da ke ƙarewa idan kuɗin shiri ya ƙare. Mai gadin da ya yi shekara 6 ana zuba masa kuɗi, aka sallame shi, sannan shanyewar ɓarin jiki ta kama shi bayan shekara guda yana zaune, zai tarar ba shi da wata 6 na zubi a cikin watanni 12 na ƙarshe. Dokar ta ba wanda ya bar aiki damar ci gaba da zubi da kansa, amma wanda ya rasa albashi da wuya ya samu abin zubawa.

Akwai kuma matsalar masu aikin da ke cire kuɗin daga albashi ba tare da sun kai asusun ba, ko waɗanda tun farko ba su yi wa ma'aikatansu rajista ba. Ma'aikaci ba ya gane haka sai ranar da ya je neman haƙƙinsa.

Shekaru goma da suka ƙara yawan mabuƙata

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 ne mayaƙan Boko Haram suka kai harin farko a garuruwan Bosso da Diffa. Cikin kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka hana hawan babura, aka kuma dakatar da cinikin kifi da tattasai bisa hujjar cewa 'yan bindigar na samun kuɗi daga gare su. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilun wannan shekara, hukumomi suka umarci mazauna tsibiran tafkin su fice. Ranar 3 ga Yunin 2016 aka sake afka wa Bosso, inda Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum kusan dubu 50 sun tsere. Da yawansu sun yada zango a gefen babbar hanya ta ɗaya, a wurare irin su Kinjandi da Garin Wanzam.

An sassauta takunkumin tattasai a 2017, na kamun kifi kuma a 2019, sannan a watan Yunin 2021 gwamnati ta fara mayar da mutane garuruwansu, inda aka soma da Baruwa. Amma shekarun sun bar tabo iri biyu. Na farko a jikin mutane: raunin harsashi, nakiyoyin da ake binnewa a hanyoyi, cututtukan da suka yi tsanani saboda rufe ɗakunan shan magani, da taɓin hankali ga waɗanda suka ga kisa ko aka yi garkuwa da su. Na biyu a jikin zumunci. A al'adar Kanuri da Hausawa da Fulanin yankin, dangi ne ke ɗaukar nauyin wanda ya gaza, ana kuma fitar da zakka daga amfanin gona. Lokacin da mai bayarwar da kansa ya koma layin karɓar abincin agaji, wannan madogara ta yi rauni. Ambaliyar Komadugu, kamar ta 2019 da ta 2022, ta ƙara cinye gonakin da ake sa rai da su.

Alƙaluman da ake aiki da su ma sun tsufa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna masu naƙasa sun kai kashi 4.2 cikin ɗari na al'ummar Nijar, wato mutum sama da dubu 700. An yi ta ne kafin yaƙin ya shigo jihar Diffa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa na ƙiyasin cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya na rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu na nuna cewa akwai mutane da yawa da ba a ƙirga ba, musamman waɗanda larurarsu ba ta bayyana a ido.

Dokokin naƙasassu: rangwame da dama, ba albashi ba

Nijar ba ta rasa dokoki kan wannan batu ba. Dokar 2 ga Maris 1993, wadda aka yi wa gyara a 2010, ita ce ta fara shimfiɗa kariya ga masu naƙasa, kuma daga cikin tanadinta akwai ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A watan Afrilun 2018 aka yi dokar da ta shata ginshiƙan kariyar jin daɗin al'umma, sannan ranar 10 ga Disamban 2019 aka samu sabuwar doka kan shigar da masu naƙasa cikin harkokin rayuwa. Tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, ta daɗe tana fafutukar ganin an aiwatar da su.

Abin da waɗannan dokoki ke bayarwa shi ne sauƙi: rangwame ko yafe kuɗin asibitin gwamnati, damar karatu da koyon sana'a, gurbin aiki, da katin shaida da ake kira carte d'égalité des chances domin mai shi ya nuna a inda ake buƙata. Duk suna da amfani. Sai dai babu wanda ya tanadi alawus na kowane wata ga duk wanda ya kasa aiki. Kashi 5 na guraben aiki kuwa na taimakon wanda ya yi karatu kuma yake iya aikin ofis ne. A gundumar da ma'aikatu masu mutum 20 ba su da yawa, tasirinsa kaɗan ne.

Ko rangwamen ma sai da takardu. Wanda ya gudu cikin dare daga ƙauyen da aka ƙona ba lallai ya fita da takardar haihuwa ba, wasu kuma ba su taɓa mallakarta ba. Kafin a kai ga takardar likita, sai an bi ta kotu an samu hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwar. Daga Bosso zuwa Diffa tafiyar kusan kilomita 100 ce a hanyar da ba kullum take da aminci ba, daga Diffa zuwa Yamai kuma fiye da kilomita 1,300. Ga mai tafiya da sanda ko wanda sai an ɗauke shi, kuɗin mota na mutum biyu ne a kowace tafiya.

Tallafin talakawa da agajin da ke ja da baya

Kuɗin da ya fi kusa da alawus a karkarar Nijar shi ne na shirin tallafa wa gidaje marasa ƙarfi da aka fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya, wanda a zangonsa na farko ya riƙa ba gida jika 10 na CFA a wata har tsawon shekara biyu, galibi ta hannun mata. Zangon da ya biyo baya shi ne Wadata Talaka. Ma'aunin shiga shirin shi ne talaucin gida, ana duba irin ɗaki, dabbobi da yawan baki. Mai naƙasa na iya shiga idan an zaɓi ƙauyensu kuma gidansu ya faɗo cikin jerin, amma larurarsa kaɗai ba ta ba shi haƙƙi. Shirin kuma na da wa'adi, bisa tunanin cewa gida zai tsaya da ƙafarsa bayan shekara biyu. Wannan tunani bai dace da wanda ya makance ko ya shanye ba, domin larurarsa ba ta da wa'adi.

Ƙungiyoyin agaji ne suka riƙa cike wani ɓangare na giɓin. Kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa, CICR, ya yi shekaru yana tallafa wa sashen tiyata na babban asibitin Diffa da cibiyoyin haɗa ƙafafun roba a Yamai da Damagaram. A farkon 2025 hukumomin Nijar suka umarce shi ya bar ƙasar, ya kuma rufe ofisoshinsa a watan Yuni. A shekarar ce kuma Amurka ta zaftare kuɗin agajin da take bayarwa a duniya. Ƙafar roba ba a yin ta sau ɗaya a gama: tana lalacewa, yaro kuma yana girma ya fi ƙarfin tasa. Duk hidimar da waɗannan ƙungiyoyi suka bari, ta koma wuyan gwamnati ne ko na iyali.

A nata ɓangaren, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi daga watan Satumban 2024. Matakin ya rage wa majinyata nauyi. Abin da bai taɓa ba shi ne tukunyar gidan da mai cika ta ya kwanta.

Darasi daga Jigawa da wasu ƙasashe

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2021 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai na masu tsananin naƙasa a duniya ke samun wani kuɗin tallafi, a Afirka kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ƙasashen da suka ci gaba a wannan fanni sun yi haka ne ta hanyar raba alawus da takardar albashi. A Afirka ta Kudu, ɗan shekara 18 zuwa 59 da likita ya tabbatar ba ya iya aiki, kuma bincike ya nuna ba shi da wadata, yana karɓar kuɗi duk wata daga baitulmali ko da bai taɓa aikin albashi ba. Kenya na biyan gidajen da ke kula da masu tsananin naƙasa.

Misali mafi kusa yana can saman kogin da ke shayar da gonakin Bosso. Jihar Jigawa ta Najeriya, inda kogin Hadeja ke ratsawa kafin ruwansa ya zama Komadugu Yobe, ta fara biyan masu naƙasa naira dubu 7 a wata tun 2007, zamanin gwamna Sule Lamido. Shirin ya nuna cewa jihar da ba ta da arziki mai yawa na iya yin hakan. Ya kuma nuna inda ake tuntuɓe: an ƙayyade yawan masu karɓa, faɗuwar darajar naira ta cinye ƙarfin kuɗin, kuma zaɓen sunaye kan jawo ƙorafi.

Lissafin irin wannan shiri ba ya da wuya. Idan aka ce za a ba mutum dubu ɗaya jika 10 kowane wata, kuɗin shekara miliyan 120 ne na CFA. A ƙasar da tsaro ke laƙume kaso mai tsoka na kasafin kuɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka faɗaɗa shi zuwa jihohi takwas. Amma ana iya farawa da masu tsananin larura a gundumomin da rikici ya fi shafa, kamar Bosso da N'Gigmi. Wahalar ta fi yawa a wajen tantancewa: wa zai duba, da wane ma'auni, kuma a ina. Idan sai mai naƙasa ya je babban birnin jiha kafin a gan shi, waɗanda suka fi buƙata su ne za su rasa. Kamar yadda alƙalai ke zagayawa ƙauyuka suna ba da takardun haihuwa, haka tawagar likita da ma'aikacin jin daɗin jama'a za su iya zagayawa, a shigar da sakamakon cikin rajistar mabuƙata ta ƙasa.

Abin da ke hannun ma'aikaci tun yanzu

Kafin a kai ga sabon tsari, akwai abin da mai aikin albashi a Diffa ko Bosso zai iya yi don kada haƙƙinsa ya salwanta. Ya karɓi lambar rajistarsa ta CNSS tun watan farko, ya adana kwantaragi da takardun albashi a inda ruwa ko gobara ba za su ci su ba, ya ɗauki hotonsu a waya. Ya riƙa zuwa ofishin asusun lokaci zuwa lokaci yana tabbatar da cewa kuɗin da ake cire masa na shiga. Idan hatsari ya faru a bakin aiki, iyalinsa su matsa a sanar cikin awa 48, idan mai aiki ya ƙi, su kai maganar ofishin sufeton ƙwadago. Wanda ciwo ya fara kama shi yana kan aiki, ya nemi takardar likita mai ɗauke da ranar da larurar ta soma, domin daga wannan rana ake ƙirga watanni 12 zuwa baya.

Ga manomi da masunci, hanyar da ta rage ita ce takardar haihuwa, takardar likita, da shiga ƙungiyar naƙasassu ta yankinsu, domin ta nan ne sunaye ke isa ga ofishin jin daɗin jama'a idan wani tallafi ya zo. Wannan ba fansho ba ne. Samun fanshon ga irinsu na jiran shawarar siyasa ce daga Yamai: ko a buɗe wa masu sana'ar hannu ƙofar zubi daidai ƙarfinsu, ko a ware alawus daga baitulmali ga wanda likita ya tabbatar ba zai sake iya aiki ba.